Sanarwa kan tambari da katin sana'a

Assalamu alaikum ƴan uwa ɗaliban zane.

Tunda mun kusa kammala karatu, ina roƙon kowa ya fara haɗa kayan tallata kansa, wato tambari da katin sana'a da kundin ayyuka. Kada sai an nemi mutum da aiki sannan ya fara lalube.

Tambarin nan shi ya fi damuna. Da yawanmu muna cika masa ado, alhali a hoton WhatsApp ɗan mitsitsi zai koma. Ku rage shi ya kai girman farce, ku mayar da shi baƙi da fari. In har ana gane shi a haka, to ya yi. A manhajar zane ta Illustrator ko Inkscape za ku zana, ku adana a tsarin fayil na SVG, don ko an faɗaɗa shi ba zai fashe ba.

Wajen bugu kuwa, ni na ji jiki. Na kai katina da launin RGB, wato tsarin launin allon waya da kwamfuta, shuɗin da na kwana ina zaɓa ya fito a dushe. Ku juya zuwa CMYK, wato tsarin launin injin bugu, hotuna su kai 300 dpi (ɗigo 300 a kowane inci), ku ƙara milimita 3 a kowane gefe saboda yanka.

Kundi kuma, ayyuka shida masu kyau a Behance, shafin intanet na baje kolin ayyukan zane, sun fi ashirin barkatai. Wanda ya shirya ya turo nan mu duba tare.