Wasiƙa daga Jidda: kekunan da suka iso shagonmu

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, na san ka ƙullace ni saboda shirun da na yi tun bayan Babbar Sallah, amma labarin da ke bakina yau zai rage mini bashi. Maigidana ya je Jamus baje kolin kekuna na Eurobike, wanda aka mayar birnin Frankfurt a 2022 bayan ya daɗe ana yin sa a Friedrichshafen, kuma kekuna ukun da ya sayo sun iso shagonmu makon jiya.

Da na buɗe kwalin farko, da yatsu biyu na ɗaga keken. Babu ƙarfe a gangar jikinsa, zaren kabon ne aka daskarar da danƙo, idan ka ƙwanƙwasa shi sai ka ji amo kamar na busasshiyar ƙwarya. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, tun shekarar 2000 ta hana shiga tsere da keken da bai kai kilo 6.8 ba, kuma wannan da kaɗan ya haura haka. Nan take na tuna Raleigh ɗin Baba da muke cicciɓa mu biyu mu tsallake kwata, kana riƙe da sirdi kana cewa kai ne ka ɗauki wajen nauyi.

Giyarsa ba ta da wayar ja. Batir ne da ƙaramin inji suke matsar da sarƙa, irin tsarin da kamfanin Shimano ya shigo da nasa kasuwa a 2009, kuma daga wayar hannu ake daidaita shi. Tayar ma babu tib, wani farin ruwa mai kama da madara ake ɗura mata. Maigida ya sa na soka mata siririyar ƙusa na zare, na juya ta, ruwan ya tsarto sau biyu, hujin ya toshe a gaban idona. Na daɗe tsaye ina tunanin yawan facin da ya ciyar da ni da kai.

Abin da ya hana ni barci shi ne ɗaure kusoshi. Mun saba mu ɗaure har hannu ya ce ya isa, shi kuwa kabon idan aka matsa shi fiye da kima tsagewa yake yi, wani lokaci tsagar ba ta nunawa sai mutum yana tsaka da gudu. Akwai sifana mai ma'auni wadda ke yin ƙas idan an kai ƙarfin da aka rubuta a jikin keken, kuma ba na taɓa ko ɗaya sai da ita. Masu sayen nan su ne ke fita bakin teku bayan Asuba, wasu har garin AlUla suke zuwa kallon tseren keke, kuma amanar ransu ce a hannuna.

Shi ya sa nake roƙonka kada ka bar yaronka na fari ya jefar da sana'ar nan ta gyaran keke. Zan aiko masa da irin sifanar ta hannun masu Umara. Ka faɗa mini wanda zai zo daga unguwa, ka kuma gaishe mini da Hajiya.

Naka har kullum,
Amininka na Jidda