Umma tana ɓoye tafin ƙafarta don kada a rage mata magani

Assalamu alaikum Likita. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka na shirin lafiya. Ni mai sauraronka ce daga Zariya, kuma maganar mahaifiyata ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Shekara 3 ke nan da aka yi wa Umma aikin sankarar mama, aka cire na hagu, ta sha kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, ta ƙarin ruwa har gashin kanta ya zube kaf. Muka ɗauka an rabu da ciwon. Bayan Babbar Sallar bara ta fara kukan ciwon baya, aka ɗauki hoto, aka ce ya yaɗu zuwa ƙashin baya da hanta. Wannan karon ba a maida ta kan ƙarin ruwa ba, aka ɗora ta kan ƙwaya mai suna kafesitabin, wadda aka fi sani da Xeloda. Tana sha safe da dare, cikin minti 30 bayan cin abinci, kwana 14 a jere, sannan ta huta kwana 7.

Da farko raina maganin muka yi. Ƙwayar da ake haɗiya da ruwa a tsakar gida, gashi ma bai zube ba, ina za ta iya da ciwon da ya gagari wuƙa? Sai da likitanta ya zaunar da ni ya yi mini bayani, kuma ina so ka gyara mini idan na fahimta ba daidai ba. Ya ce ƙwayar a yadda ake haɗiye ta ba ta da kaifi tukuna. Idan ta bi hanji ta shiga jini, hanta ce ke fara sarrafa ta, a sake juya ta karo na biyu, sannan a mataki na uku ta rikiɗe ta zama 5-FU, wato tsohon maganin kemo da aka daɗe ana bayarwa ta jijiya. Sinadarin da ke yin wannan juyi na ƙarshe ya fi yawa a cikin tsiron dajin fiye da yawancin lafiyayyen nama, don haka a can dafin ya fi taruwa. Shi kuma 5-FU yana hana ƙwayoyin ciwon samun wani tubali da suke gina DNA da shi, wato sinadarin gadon halitta da ke cikin kowace ƙwaya, sai su kasa rabuwa su hayayyafa. Bai ɓoye mini ba cewa a wannan mataki danne ciwon ake yi a saya mata lokaci da sauƙi, ba a sa ran tumɓuke shi.

Alhamdu lillahi, bayan zagaye 4 hoto ya nuna tsiron hantar ya ragu. To amma ga inda damuwata take. Tafin hannun Umma da na ƙafarta sun yi duhu, suna zafi kamar ta taka garwashi, fatar tana ɗayewa. Zanen yatsunta ma ya fara shafewa, ranar nan na'urar banki ta ƙi karɓar babban yatsanta har sau uku. Ashe ta fi sati biyu tana sa safa dare da rana don kada in gani. A wurin alwala na kama ta, tana ɗiga ruwa a ƙafa tana cije leɓe. Ta riƙe hannuna ta ce, "Don Allah kada ki gaya wa likita. Zai rage mini, ciwon ya dawo." Likita, ban taɓa saɓa wa maganarta ba, amma tun ranar ban yi barcin kirki ba, domin an gargaɗe mu tun farko cewa da mun ga wannan alama, ko gudawa mai yawa, ko gyambon baki, ko zazzaɓi, mu kira asibiti nan take.

Ga kuma yayana, wanda shi ke biyan kuɗin maganin da gumin goshinsa. Ya ce satin hutun nan ba wa ciwo dama ce, a ci gaba da sha kawai. Na gaya masa hutun na jikinta ne, don ɓargo da hanji da fata su farfaɗo, ya ce ni ba likita ba ce. Ƙanwar Umma kuwa ta kawo mata folik asid daga kemis wai ƙarin jini, na ɗauke na ɓoye saboda an ce mana yana ƙara wa wannan magani dafi. Har yanzu ba ta gaishe ni da sakin fuska.

Abin da nake roƙo ka faɗa a shirinka, domin Umma ba ta wuce shi kuma maganarka tana shigarta: idan aka rage yawan ƙwayar ko aka dakata na ɗan lokaci saboda fatar, aikin da maganin ya yi zai rushe ne? Man kaɗanyar da nake shafa mata da dare ya isa, ko akwai wanda ya fi shi? Kuma azumi na tafe, ta rantse sai ta yi, ta sha ƙwayar da sahur da buɗa-baki. Ranar ganin likitanta saura kwana 9. In jira, ko in kira shi gobe ko da za ta yi fushi da ni?

Na gode, Allah Ya saka da alheri.

'Yarka mai sauraro,
daga Zariya