Wasiƙa zuwa ga Uwata a Ingila

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa, ya sanyi, ya kuma aikin dare a asibiti? Mu nan kowa lafiya. Mahaifiyarki ta ce kada in rubuto, wai in bar ki ki ji da gajiyarki. Ban iya ba.

Ƙanenki ne ya nuna mini saƙon da kika tura masa, inda kika ce kina aiki "every day besides Friday". Na san nufinki, ranar Juma'a kike hutu. Amma wanda bai san ki ba zai iya ɗauka har Juma'ar ma kina aiki. Tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Na san inda gizo ke saƙar, "ban da" ɗinmu ne. Mukan ce kowa ya zo ban da ango, mun cire shi ke nan. Mukan kuma ce ban da shinkafa har tuwo aka kawo, nan kuwa ƙari muka yi. Turanci ya raba su. In cirewa za ki yi, "except". In ƙari ne, "besides". Shi "apart from" baki biyu gare shi kamar namu, don haka kada ki kai shi kusa da takardar majiyyaci. Bayan "all" ko "every", da "except" da "except for" duk sun halatta. A farkon jimla "except for" ake sawa. In "on" ko "when" ne zai biyo baya, ki yar da "for" ɗin, ki ce "except on Friday". Sannan wannan "except you come" da muka saba ji a nan gida, "unless" ake nufi, ki bar shi a filin jirgi.

Ga abin da ke hana ni barci. Misali, likita ya ce a ba mutum magungunansa duka ban da na tsinka jini, saboda gobe za a yi masa tiyata. Ke kin kwana a tsaye, ido ya yi nauyi, kika rubuta "besides". Mai karɓar ki da safe ta karanta, ta haɗa duka ta ba shi. Allah ya kiyaye. Wa za a tuhuma? Hannun wa ke kan takardar? Baƙuwa ce ke a ƙasar, ba ki da kawu ba ki da gwaggo a can.

Kada ki ce mini kin ci OET, jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya. Kin ci, na yi murna, har rago na yanka. Sai me? Shekara 31 na yi da alli a hannu, na ga masu sakamako mai kyau da ba sa bambance "accept" da "except" in an yi musu shifta. Kullum ku ce na cika tsanani, ke ce ma kan gaba wajen faɗa. Kin dai san abin da kalma ɗaya ta jawo wa baffanku a takardar gonar nan, ba sai na tayar ba.

Ba faɗa nake miki ba, Uwata. Sunan mahaifiyata kike ɗauke da shi, kuma duk cikinku ke kika fi saurin ɗaukar gyara. In kin yi shakka, raba jimlar biyu: a ba shi wannan, kada a ba shi wancan.

Mahaifiyarki ta daka miki kuka da daddawa, tana jiran mai tafiya. Ki riƙa sa rigar sanyi, ki kuma kira Inna, tana cigiyarki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki