Azumin da ba shi da buɗa-baki

Ranka ya daɗe Edita,

Na karanta rahotonku kan ranar tunawa da kisan ƙare dangi da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, kuma ba ni da ja kan alƙaluman: mutum miliyan 6, kusan miliyan 1 daga cikinsu a sansanin Auschwitz kaɗai, can ƙasar Poland, wanda sojojin Tarayyar Sobiyet suka kuɓutar ranar 27 ga Janairu, 1945. Inda na tsaya shi ne wurin da marubucin ya raba fursunonin gida biyu, wai waɗanda suka riƙe addini da waɗanda suka yar da shi. Da ma abin ya zo da sauƙi haka.

Yahudawa na da wani azumi da suke kira Yom Kippur, ranar neman gafara, wajen awa 25 ba ci ba sha. A shekarar 1944 ya riski dubbansu a sansani, inda abincin yini bai wuce ɗan yankin burodi da romon da ya fi kama da ruwan wankin tukunya ba. Sai gardama ta kaure tsakaninsu: a yi ko kada a yi? Ni da nake azumin Ramadan ina kallon kunu da ƙosai na jiran kiran magariba, na kasa hango yadda mai mutuwa da yunwa zai ajiye burodinsa don Allah. Amma wasu sun ajiye. Elie Wiesel, yaro ɗan shekara 15 daga garin Sighet na ƙasar Romaniya ta yau, wanda ya tashi cikin karatun addini, shi kuwa ya ci abincinsa, bisa umarnin mahaifinsa da kuma fushin da yake yi da shirun Ubangiji. An kashe mahaifiyarsa da ƙanwarsa a Auschwitz, uban ya rasu a sansanin Buchenwald da ke Jamus. Duk da haka har ƙarshen rayuwarsa bai rabu da addu'a ba. To a wane gida za ku sa shi?

A Kaunas ta ƙasar Lituweniya, lokacin mamayar 'yan Nazi, an yi wani malamin Yahudawa mai suna Ephraim Oshry, wanda mutane ke kai wa tambayoyi kamar yadda muke neman fatawa. Cikin addu'o'insu na safe akwai wadda mutum ke gode wa Allah da bai yi shi bawa ba. Aka tambaye shi: mu da ake kora mu aikin bauta da bakin bindiga kullum, mu faɗi wannan ba mu yi ƙarya ba? Ya ce su ci gaba da faɗa, domin jiki aka bautar, ba ruhi ba. Amsar ta burge ni, amma tambayar ta fi kama ni. Wanda ya yar da addini ba zai damu da ko addu'arsa ƙarya ce ba. Malamin ya riƙa rubuta irin waɗannan a guntayen takardu, ya binne su cikin gwangwanaye, ya tono bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Sai Primo Levi, masanin sinadarai daga Italiya, wanda ya shiga Auschwitz ba ya bautar komai. Ranar da ake tantance waɗanda za a tura ɗakin iskar guba, ya ji zuciyarsa na son roƙon Allah, sai ya hana kansa, don a ganinsa rashin kunya ne ka tuna da Wanda ka musanta sai da wuƙa ta zo wuya. Ban yarda da aƙidarsa ba, amma ba zan kira shi munafuki ba.

Mun saba jin sunan Annabi Ayuba in ana zancen haƙuri, kuma bakinmu na saurin cewa "jarrabawa ce" idan masifar ba a gidanmu ta sauka ba. Roƙona, in Allah Ya kai mu baɗi, ku ba mutanen nan fili su yi magana da bakinsu, har da tambayoyin da suka yi wa Ubangijinsu.

Naku mai karatu,
daga Zariya