Wasiƙa zuwa Sheffield, kan Mario da tsofaffin mujallu

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya sanyin Ingila? Mu nan Kano sai godiya. Hajiya jiki da sauƙi, ta ce in gaishe ka, ta kuma ce ka yi nauyin ƙafa da yawa.

Hotunan da ka turo na gidan adana wasannin gem na garinku sun iso, kuma wallahi sun taɓa ni. Na ga ka tsaya kusa da akwatin nan mai ruwan toka ka rubuta "tamu ce". Ai ba ita ba ce tamu. Wannan NES ce, wadda Nintendo ta kai Amurka a 1985, daga baya ta shiga Turai. Tamu siffar ta Japan aka kwaikwaya, wato Famicom, fara da ja, wadda ta fito a 1983. Ita ma ba ainihin ta Nintendo ba ce ta zo hannunmu, kwafi ne da 'yan kasuwa ke shigowa da shi, da kaset ɗinsa mai ruwan ɗorawa da aka rubuta wa wasanni dubbai a jiki. In ka kunna, wasanni kaɗan ne ake ta maimaitawa da sabuwar lamba. Bai taɓa damun mu ba, tunda Mario na ciki, Contra na ciki, ga wasan tankokin yaƙi.

Ka tuna soron gidanku bayan la'asar? Tibi a kan benci, waya an soke ta a ramin eriya, ana murɗa tasha har hoto ya daidaita. Kaset ya ƙi tashi, a zare, a hura masa iska, a mayar. Adafta ta yi zafi har ba ta taɓuwa. Fad, wato abin dannawa na hannu, biyu ne kawai, mu kuwa mun cika tabarma, don haka doka ita ce wanda ya faɗa rami ya miƙa. Babu zancen ajiye inda ka tsaya. In an ɗauke wuta kana duniya ta bakwai, shi ke nan, gobe daga farko.

Kwanan nan na sake zama na buga Super Mario Bros. daga farko, kuma yanzu da idon manya nake ganin gwanintar da ke cikinsa. Wasan na 1985 ne, duniya 8, mataki 32, amma gaba ɗayansa bai wuce kilobait 40 ba. Hoto ɗaya daga cikin waɗanda ka turo ya ninka shi girma nesa ba kusa ba. Saboda ƙarancin wuri, gajimaren sama da ciyayin ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka canja. Ka duba da kyau za ka gani. Shi kansa Mario, Shigeru Miyamoto da ya ƙirƙiro shi ya sa masa hula ne don kada a sha wahalar zana gashi, ya sa masa gashin baki don fuska ta fito a 'yan ɗigo-ɗigon da ake da su tun zamanin Donkey Kong a 1981.

Abin da ya fi burge ni shi ne matakin farko. Ba rubutu, ba bayani. An tsayar da kai a hagu, fili ya buɗe a dama, sai ka san inda za ka nufa. Ɗan dodon nan ya taho, in ka tsaya ya kashe ka, sai ka koyi tsalle. Ka doki bulo da kai, laimar kwaɗi ta fito, ta bugi bututu ta dawo kanka, da wuya ka kauce mata, sai ka ga ka ƙara girma. Cikin minti ɗaya wasan ya koya maka kansa. Shi ya sa mu da Turancinmu bai taka kara ya karya ba a lokacin muka iya shi tsaf. Kiɗan Koji Kondo kuwa, har yau in na ji shi sai yatsana ya motsa.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauko biro ba. Mujallun nake ta tunani.

Ka san sirrin wasannin nan ba a jikin kaset yake a rubuce ba. Wa ya fara gaya mana cewa a mataki na biyu, na ƙarƙashin ƙasa, in ka hau saman rufi ka wuce bututun fita, akwai ɗaki mai bututu uku da zai jefa ka duniya ta 2, ta 3 ko ta 4? Wa ya ce in ranka ya ƙare ka danne A ka taɓa Start za ka ci gaba daga duniyar da ka mutu? Daga bakin wani muka ji, shi ma daga bakin wani, kamar labarin farashin hatsi ranar kasuwa. In ka bi diddigi, yawanci kan mujalla zancen zai tsaya. Ga kuma sirrin nan na danna sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A a fad: rai 30 a Contra. Kazuhisa Hashimoto na kamfanin Konami ne ya ƙirƙiro shi yana aikin wasan Gradius, don wasan ya yi masa wuya wajen gwaji. Dubi nisan tafiyar, daga teburin wani ma'aikaci a Japan har soron gidanku, ba intanet, ba wayar hannu.

Mujallar da yayanka ya samo wajen masu sayar da tsofaffin littattafai, wadda bangonta ya yage, ita ce ta farko da na taɓa riƙewa. Har yanzu ina jin ƙanshin takardar. An jera hoton tibi bayan hoton tibi har mataki guda ya miƙe a shafi biyu, ga kibiya tana nuna bulon da ke ɓoye. Rabin wasannin da ke ciki ba mu taɓa ganinsu ba, amma haka za mu kwanta rub da ciki muna bin taswirar da yatsa, muna gardamar inda ya kamata a yi tsalle. Kai ne mai kwafe lambobin sirri a bayan littafin lissafi, kuma a makaranta har 'yan ajin gaba sai sun nemo ka.

Daga baya na san asalinsu. Japan na da Famitsu tun 1986. Amurka na da Nintendo Power, wadda ta fara a 1988 da Mario na yumɓu a bango, ta rufe a Disambar 2012 bayan fitowa ta 285. Nan inda kake an fara buga Computer and Video Games a 1981, sai Mean Machines a 1990. Yardar da yara suka ba su ba kaɗan ba ce. A fitowar Afrilun 1992, Electronic Gaming Monthly ta buga cewa akwai wani ɓoyayyen gwani mai suna Sheng Long a Street Fighter II, da sharuɗɗan da kusan ba mai iya cikawa. Zolayar ranar 1 ga Afrilu ce kawai, amma mujallun wasu ƙasashe suka kwafa a matsayin gaskiya, yara suka yi ta kashe kuɗinsu suna nemansa. Ni dai ban ga kyan wannan ba, domin yaron da ya yarda da kai bai cancanci haka ba.

Zuwan na'urar Sega sai abin ya koma gidan gem, a biya a buga. Sonic ya fito a 1991, bushiya shuɗiya mai gudun tsiya, kuma na yarda ya fi Mario kyan gani. In an taɓa ka zobbanka su watse, ka bi su da gudu ko ka tsira da ɗaya. Matakin cikin ruwa kuwa, in iska ta kusa ƙarewa kiɗa ya canja, lamba ta fara sauka, kowa a ɗakin sai ya riƙe numfashi har ka kai ga kumfa. Duk da haka ni na Mario ne. Kai na san inda ka tsaya, ba sai mun tayar da tsohuwar gardama ba.

Babban ɗana in wasa ya gagare shi a waya, YouTube yake buɗewa, ya ga yadda ake yi, ya wuce. Ban hana shi ba, zamaninsa ne. Abin da ke damuna shi ne shi kaɗai yake yi, ba wanda yake jira ya miƙa wa fad, ba wanda zai je ya tambaya. Kuma kayan namu ƙarewa suke. Wani bincike da Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba sa kasuwa yanzu. Wanda ya rage kuma ya zama na masu kuɗi: a 2021 an sayar da kaset ɗin Super Mario Bros. da ba a taɓa buɗewa ba dala miliyan 2. Namu masu ruwan ɗorawa ko a 'yan gwangwan ban ƙara ganinsu ba.

Don haka ga roƙona. Don Allah in ka shiga shagunan gwanjo na can, ka duba mini tsohuwar Mean Machines ko Nintendo Power, ko da ta sha jiki, in dai akwai taswira a ciki. An ce ana samun hotunansu a intanet, amma takardar nake so, wadda yara za su shimfiɗa a tabarma su haɗa kai a kanta. Ko nawa ne ka gaya mini. Ni kuma zan ci gaba da cigiyar na'urar a Sabon Gari, mai fad biyu, kafin ka zo hutun sallah. Ka kuma tambayi yayanka ko waccan mai yagaggen bango tana cikin kayansa.

A gaida uwargida, a shafa mini kan yara. Allah ya bar zumunci, ya dawo mana da kai lafiya.

Naka har kullum,
Abokinka na Kano