Kun bar baƙonku ya yi wa masu jinya ƙazafi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na lafiya na rediyo na daren Laraba ya ɓata min rai, har yau ban huce ba. Baƙon nan naku ya ce wai 'yan mishan ba don Allah suke kula da masu ƙanjamau a unguwannin talakawa ba, farautar mabiya suke yi da ƙwayar magani. Mai gabatarwa ya ce masa "haka ne, malam", aka wuce. Ko a tambaye shi a ina ya gani?

To ni na gani. Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya, mijinta ya rasu ya bar ta da ciwon, ga kuma ciki. Tana zaune a ɗakin haya can bayan Tudun Wada, irin gidan da ake layin banɗaki da asuba, kwata na bi ta bakin ƙofa. Dangin miji sun ware mata kwano da moɗa. In ta shanya zani, matan gidan sai su kwashe nasu daga igiya. Wata sista ce daga ƙaramin asibitin mishan take tsallako kwatar nan da jakarta, ta zauna kan tabarma, ta juye kwalbar magani a tafin hannu tana ƙirgawa don ta san ko an tsallake rana. In ta tarar da ita tana sallar la'asar, sai ta jira ta sallame. Da azumi ya zo, ita ce ta mayar mata da lokacin shan maganin zuwa bayan buɗa-baki. Yaron ya zo lafiya, gwaji ya nuna bai ɗauka ba, kuma uwarsa tana nan da hijabinta da carbinta. Ban ce 'yan mishan ba sa wa'azi ba, amma a ɗakin nan ba a taɓa yi mata maganar coci ba.

Kun san ɓarnar irin wannan magana? Mace ɗaya ta ji ta a rediyo, tsoro ya hana ta komawa karɓar magani, ƙwayar cutar ta farfaɗo ta daina jin maganin. Wa zai ɗauki alhakinta? Maganin nan fa shi ne dai wanda ake bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati tun 2006, da tallafin PEPFAR, shirin Amurka na yaƙi da ƙanjamau, tallafin da ya girgiza da Trump ya dakatar da agajin ƙasashen waje a Janairun 2025. Wani bincike na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da cutar a Najeriya, akwai kuma dokar 2014 da ta hana tsangwamarsu. Ko ɗaya baƙonku bai taɓo ba. In yana kishin addini ne, ya tara masu kuɗinmu su ma su shiga lungunan nan, inda yanzu 'yan gudun hijirar da 'yan bindiga suka koro suka cika maƙil.

Sannan don Allah ku gyara layin wayarku. Mutum ya ƙona kati yana kira, sai muryoyin nan uku da muka haddace kullum su ke samun shiga, su ɓata rabin lokaci wajen gaishe-gaishen surukai.

Wassalam.
Mai sauraronku daga Tudun Wada, Gusau