A Ware Wa Motocin Ɗalibai Kuɗin Mai da Gyara a Kasafin Kano

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin a-daidaita-sahu ya fi ƙarfin iyaye da yawa, kuma 'ya mace ake fara zaunarwa a gida. Shi ya sa muke yaba wa gwamnatin Kano da ta dawo da motocin ɗaukar ɗalibai mata. Roƙonmu shi ne a ba motocin nan gurbi nasu a kasafin ayyukan yau da kullum, a riƙa sakin kuɗin duk wata. Sayen mota sau ɗaya ake yi, amma man gas da albashin direba kullum ne.

A ɗauka bas tana yin kilomita 60 a rana. Kilomita 300 ke nan a mako, kusan 4,000 a zango ɗaya. A ƙurar Kano bai kamata baƙin mai ya wuce kilomita 5,000 ba a juye shi ba, don haka kowace mota ta shiga gareji duk hutun zango: a canza baƙin mai da filtarsa, a canza filtar gas, a duba birki da sifirin. Da hunturu kuwa, sai an riƙa kaɗe filtar iska duk mako. In aka bar ta ta toshe, mota za ta riƙa shan mai tana baƙin hayaƙi. In ta yage, ƙura ta shiga inji ta cinye ringi, wato zoben fistin. Gurɓataccen gas na bakin titi kuma nozul mai fesa mai cikin inji yake kashewa, gara a ɗaure da gidan mai ɗaya, ana rubuta lita da lambar mitar kilomita ta motar a littafi.

Taya ma a duba lambobi huɗu da ke jikinta, mako da shekarar ƙira ne. Tsohuwar taya kan fashe a zafin bazara ko da zanenta bai suɗe ba.

Abin da ya fi kashe irin wannan shiri shi ne jinkirin kuɗi. Mota ɗaya ta tsaya saboda fanfon mai, babu kuɗin saye, sai a ciro na wata a sa mata. Kafin shekara biyu rabin motocin suna kan dutse. Sauran kuma a labta musu yara 50 a kujeru 30 har sifirin ya karye. Duk motoci goma a ajiye ɗaya ta ko-ta-kwana, kowace kuma a sa mata mace mai kula da yaran.

Muna kira ga Majalisar Dokokin Jiha ta haramta ɗaukar motocin zuwa taron siyasa ko biki, ta kuma nemi Ma'aikatar Ilimi ta riƙa kawo mata rahoto duk ƙarshen zango: motoci nawa ke kan hanya, nawa ke gareji, nawa aka saki na mai.

Wassalam.

Daga wasu direbobi da kanikawa, Kano.